WA ZAI ƊORA WA ƊANKA KARATU?

(Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa a cikin garin Daura, bayan sallar La'asar.)

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), 'yan'uwa, ni ba malami ba ne, almajiri ne kamar ku. An ce in yi magana kan tarbiyyar yara, sai na ga babu abin da na sani kamar gidan da na tashi.

Mu goma sha tara ne wajen mahaifinmu, iyayenmu mata biyu, kuma babu ɗayanmu da ya fara karatu a waje. Da Baba ya dawo daga sallar Asuba sai ya daki ƙyauren ɗaki sau biyu, ba ya yin na uku. Lokacin hunturu a hura wutar kara a zaure, kowa ya jawo allonsa. Ƙanana suna babbaƙu, na tsakiya suna farfaru, manya sun kama zube, kowa da inda yake, kowa kuma yana ɗaga murya. Baƙo zai ce kasuwa ce. Amma Baba yana gefe yana ɗinkin hula, kansa a sunkuye, a cikin hayaniyar nan zai tsinci wanda ya ci wasali, ya kira sunansa ya gyara masa. Har yau ban gane yadda yake yi ba.

Mutum ɗaya ba zai iya da yara goma sha tara ba, shi ya sa ƙa'idar gidan ita ce duk wanda aka biya wa, shi ma ya biya wa na ƙasa da shi kafin ya sha koko. Ina shekara goma aka ba ni ƙanne biyu. A nan na gane abin da nake zaton na iya ashe ban iya ba, don yaro ɗan shekara biyar ba ya karɓar kame-kame.

Da hantsi a watse. Wasu ɗiban ruwa, wasu ciyawar awaki, da damina kuwa gonar gero da gyaɗa. A cikin gida Inna tana surfe, ga goyo a baya, tana biya wa 'yan mata Ahalari da Ishmawi da ka. Kada ku zaci komai lafiya lau yake tafiya. An sha kifar da tawada a tabarma, tawadar da aka wahala da zuge da ƙaro kafin a haɗa, an sha yin dambe kan alƙalami, akwai ranar da akuya ta cinye wa yayana takarda guda. Laraba da yamma a jingine alluna, sai an huta Alhamis da Juma'a.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba daɗi. Gidanmu ya yi sakaci da boko. Tun 1976 gwamnati ta kawo shirin firamare kyauta, amma mu maza kaɗai aka sa daga baya. Yau ina da yaya wadda ta sauke izu sittin, amma in an ba ɗanta magani a asibiti sai ta nemi mai karanta mata takarda. Wannan ba Musulunci ne ya ce ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda shi ma a hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, a gida ta yi karatu, ta kuma kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata.

To mu fa? Ku zaga ƙauyukanmu na Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa bayan kaka, ku ga yaran da ake lodawa a mota a kai su birane da sunan karatu. Ɗan baffana yana shekara bakwai aka tura shi. Bayan shekara uku ya dawo da ƙazuwa da roba a hannu, bai wuce izu biyu ba, alhali ubansa ya iya abin da zai koya masa. Aya ta 6 cikin Suratut Tahrim kan uba ta ɗora nauyin tsare iyalinsa, ba ta ɗora wa wani malami mai yara ɗari ba.

Da yawanku nan kun yi aure ko kuna shiri. Ɗan'uwa zai kwana yana muhawara a waya kan halin da al'umma ke ciki, ɗansa na gefe bai iya Fatiha ba, sai ya miƙa masa wayar don ya yi shiru. Ni ma na yi, matata ce ta tsawata mini.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wanda ke da yaro ya sayi allo a makon nan, ya ware rabin awa bayan Asuba, ya zaunar da uwar yaran ita ma. Wanda bai yi aure ba ya ɗauki ƙanne biyu a gidansu. Zaman mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kafin a buɗe da addu'a zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in tambayi harafin da aka tsaya.