Jawabi Kan Samun Mai Daga Funfuna Da Dusa



A Bulumkutu, kamar sauran unguwannin Maiduguri, masu surfe da injinan casa suna fitar da dusar gero da ta masara kowace rana. Galibi dabbobi akan ba ta, wadda ta jiƙe kuwa a zubar. To, masana kimiyya sun gano cewa dusa da makamantanta suna iya zama abincin waɗansu irin funfuna masu tara mai a jikinsu.

Ga yadda abin yake. Idan aka wadata funfunar da sitaci ko sukari, kana sinadarin naitirojin ya ƙare mata, sai ta daina yaɗuwa, ta riƙa mai da abincin nan maiƙo, har ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinta in ta bushe. Daga nan sai a busar da ita a tatsi man.

A shekarar 1985 kamfanin Sturge na garin Selby a Ingila ya fara sayar da irin wannan mai, amma ya daina a 1990 domin man tsirrai ya fi shi araha. Watau tsada ce ta kashe kasuwar, shi ya sa masu bincike suka mai da hankali ga neman abin ciyarwa mai rahusa. Wata funfuna kuma, mai suna Mortierella alpina, tana ba da sinadarin maiƙo irin wanda ke cikin nonon uwa, kuma tun 2002 ake sa shi cikin madarar jarirai a Amurka.

Sai dai a yi hattara, wannan ba aikin gida ba ne. Funfunar da kan fito a jikin gyaɗa ko masara mai laima tana iya ɗauke da guba mai haddasa sankarar hanta. Ita ce ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila a 1960. Saboda haka lalle a adana hatsi da dusa a busasshen wuri, wanda ya yi funfuna kuwa kada a ci, kada a ba dabba.

Aikin na masu ilmi ne da ɗakunan gwaji. Ga Jami'ar Maiduguri nan kusa, tun 1975 aka kafa ta. Ya kamata iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, karatun kimiyya.

Allah ya sa a dace, amin.