Kundin Addu'a da Inuwar Sanda: Yadda Za Mu Sa 'Ya'yanmu Su So Ibada

(Jawabin kwamitin walwala a taron iyalai na reshe, ƙarshen zangon karatu)



Yau batun cikin gida ne ya tara mu, wanda da yawanmu ke jin nauyin faɗa. Muna wuni muna tarbiyyar 'ya'yan jama'a, mu koma gida a gajiye da tarin littattafan dubawa, sai ya zama abin da ya rage wa namu shi ne tsawa: "Ka yi salla?" Yaro ya ce ya yi, mu kuwa ba mu da ƙarfin bincike. A haka yake tasowa yana salla don tsoronmu. Ranar da ya tafi makarantar kwana ko jami'a, tsoron ya kau, sallar ma sai ta bi shi.

Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya umarce mu da sa yaro salla yana ɗan shekara 7, bai kuma ambaci horo ba sai a shekara 10. Mu yi lissafi: salloli 5 a rana har shekara 3 sun haura 5,000. Duk wannan dama ce ta koyarwa cikin lallami, kuma koyarwa ita ce sana'armu. A aji mun san yaro ya fi riƙe abin da hannunsa ya taɓa fiye da abin da kunnensa ya ji. Makarantar allo ta riga mu sanin haka, domin almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa, ya rubuta allonsa, ya wanke.

Shawararmu ta farko ita ce kundin addu'a. Littafin rubutu ɗaya ya isa. Yaro ya zana jadawalin mako da kansa: kwana 7, salloli 5, gida 35, yana cike kowane gida bayan ya sallame. A shafin da ke kallonsa ya rubuta layi uku kafin barci: abin da ya gode wa Allah a kai yau, wanda ya yi wa addu'a, da abin da yake roƙo. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane. Bayan wata guda ku zauna tare ku waiwayi shafukan baya, ya ga kakarsa da ya roƙa wa lafiya ta miƙe, ya kuma koyi haƙuri kan roƙon da bai ga amsarsa ba tukuna. 'Yan'uwanmu Kirista, kundin naku ne ku ma: yaro ya rubuta ayar Zabura da ta taɓa zuciyarsa, da sunayen waɗanda zai ambata a addu'ar iyali.

Ta biyu, aikin hannu. A kafa sanda a tsakar gida, yara su riƙa shata inuwarta. Da safe doguwa ce, tana raguwa har tsakar rana. Da ta fara ƙaruwa, rana ta yi zawali, Azahar ta shiga. Idan ƙarin ya kai tsawon sandar, La'asar ta shiga, kamar yadda Malikiyya ta tafi a kai. Su kuma zana wata kullum: a farkonsa bayan Magariba, a ƙarshensa kuwa sai mai tashi Asuba ke ganinsa. Su tsira duwatsu 33 a zare su yi carbi, ga darasin ƙirga a ciki.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma mu malamai ya fi shafa, saboda mun saba da jan biro. Kada kundin ya koma rajistar kiran suna. Ba a ba shi maki, ba a gwada na wa da na ƙane, ba a karanta shi ba da izinin mai shi ba. Idan gidan da ba a cike ba yana jawo bulala, yaro zai cike shi da ƙarya, mu wayi gari mun koya masa riya da hannunmu. Wanda ya bar gidan Asuba a buɗe ya faɗi gaskiya. A yaba masa, gobe a tashe shi da wuri.

Kuma yaro ba ya zuwa inda bai ga an je ba. Idan aka kira salla, mu ajiye biro da waya a gabansa, mu ɗauki buta.

Roƙonmu shi ne kowane gida ya gwada wannan a hutun nan, mu zo taro na gaba da abin da muka gani, na daɗi da na wuya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su zama masu yi mana addu'a bayan ba mu.