Kiwon Dawaki: A San Aikin Doki Tun Kafin A Haife Shi

Jama'a masu kiwon dawaki, yawancin hasarar da akan yi a wannan sana'a tun ranar barbara take farawa. Mutum yakan ga ingarma mai ƙiba da kyan launi a wurin hawan salla, sai ya kai masa goɗiyarsa, alhali kuwa dokin ƙwallo yake bukata. Goɗiya takan yi wata 11 da ciki, dukushi kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin a more shi sosai. Watau kuskuren yini guda, sai an yi kusan shekara biyar ana zuba harawa da dusa kafin a gane shi.

Dokin sukuwa yana bukatar dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙirji. Mutanen Ingila sun sami nasu irin ne daga ingarmu uku da aka kai musu daga ƙasashen gabas, suka yi ta zaɓen mafi gudu, kuma tun 1791 suke rubuta asalin dawakinsu a littafi.

Amma ƙwallon doki, wanda aka fara yi a Ikko a 1904, ya kuma bunƙasa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, gudu kaɗai ba ya isarsa. Tsawon fili yadi 300 ne, kowane zagaye kuwa minti bakwai. A cikin wannan ɗan lokaci dole doki ya zabura, ya tsaya cik, ya juya, ya goga kafaɗa da ɗan'uwansa, ga sanda tana gilmawa kusa da idonsa bai firgita ba. Sabili da haka ake son matsakaicin doki mai ƙarfin cinya da taushin baki, wanda yake jin linzami. Makiyayan Ajantina sun cim ma wannan ta hanyar gauraya dawakinsu na korar shanu da na sukuwar Ingila. Abin lura kuma, mafi yawan fitattun dawakinsu na wasa goɗiyoyi ne, ga shi a nan sau da yawa akan raina goɗiya, a ɗauka kowace iri ce ta isa.

Dokin hawan sarauta kuwa girma da taƙama ake nema gare shi, da haƙurin ɗaukar kayan ado, da rashin tsoron tambura da ƙarar bindiga.

Karkatar ƙafa da mugun hali duka ana gadonsu, saboda haka kada a ba da irin wannan doki barbara ko da ya taɓa cin gasa. Dokin da aka sayo daga ƙetare kuma bai kai na gida jure zafi da cututtukan da ƙwari suke yaɗawa ba. Ya kamata a nemi likitan dabbobi ya duba uwa da uba tun da wuri, a kuma ajiye littafi ana rubuta sunansu, da ranar haihuwa, da irin aikin da kowane dukushi ya iya bayan an hore shi.