Kumburin Babbar Jijiyar Jini: Jawabin Lafiya Ga Dattawanmu

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan lafiya, kuma na zaɓi wata cuta da ba a cika jin sunanta ba, domin takan zauna cikin mutum shekara da shekaru bai sani ba. Ita ce kumburin babbar jijiyar jini.

Wannan jijiya, wadda likitoci ke kira ayota, daga zuciya take fitowa, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangaro ta gaban ƙashin baya har wajen cibiya, inda take rabuwa biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a ciki kamar santimita 2 ne, wato kaurin babban yatsa. Zuciya tana tura jini kusan lita 5 cikinta a kowane minti, tana kuma bugawa wajen sau 100,000 a yini. Bangon jijiyar yana da zaruruwa masu talewa kamar roba, su ne suke karɓar kowane bugu. Tsufa da taba da hawan jini suna cinye waɗannan zaruruwa. Idan wani wuri ya yi rauni sai ya fara buɗewa, kuma da ya kai santimita 3 an shiga cutar ke nan. Yawanci a ƙasa da jijiyoyin ƙoda abin yake faruwa.

To, me ya sa yake fashewa? Duk wanda ya taɓa hura wa yaro balan-balan ya san farkon hurawa ne da wuya. Da ya buɗe sai ya yi ta girma da ɗan numfashi kaɗan, robar kuma tana ƙara sirancewa. Wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Laplace ya bayyana dalilin: jan da bango yake sha yana ƙaruwa ne daidai da ƙarfin matsin da ke ciki da kuma faɗin bututun. Saboda haka jijiyar da ta tashi daga santimita 2 ta kai 6, bangonta yana ɗauke da ja ninki uku ko da awon jinin mutum bai motsa ba. Ga bango ya riga ya yi rauni, ga kaya ya ƙaru. In kuma hawan jini ya hau kai, kun ga inda aka nufa.

Akwai kuma yadda jinin kansa yake gudu. Ku tuna da rafi a damina. Inda ya matse ruwa yana wucewa sumul, inda ya buɗe kuwa sai ya rage gudu, ya riƙa juyawa a gefe yana tara yashi da ciyayi. Haka jini yake yi cikin kumburin, yana juyawa yana barin daskararren jini a jikin bango, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Mutum zai zaci wannan faci ne da zai ƙarfafa wurin. Amma yana tare iskar da bangon yake samu daga jini, sinadaran da ke cikinsa kuma suna ƙara narkar da zaruruwan. Wani lokaci ma ɗan guntu yakan ɓalle ya tafi ya toshe jijiyar ƙafa.

Shi ya sa likitoci suke kallon awo. A ƙasar Ingila an yi wani babban bincike da aka fitar a 1998, ya nuna cewa gaggauta tiyata a kan ƙaramin kumburi bai fi sa masa ido amfani ba. Yanzu akan yi maganar aiki idan ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko 5 ga mace, domin na mata yakan fashe tun yana ƙarami. Haka nan idan ya ƙaru da fiye da santimita 1 a shekara, ko ya fara ciwo. A ganina awo shi kaɗai bai faɗi komai duka ba, domin akan sami ƙarami ya fashe, babba kuma ya daɗe. Masana suna gwada lissafin kwamfuta don gano inda bangon ya fi shan ja, amma har yanzu da faɗin ake yanke shawara.

Wannan cuta ce ta kashe Albert Einstein. A 1948 likita Rudolph Nissen ya naɗe masa kumburin da wata irin leda, abin da ake iya yi ke nan a lokacin, ya ƙara shekaru fiye da shida kafin ya fashe a Afrilun 1955. A 1951 Charles Dubost a birnin Paris ya yanke kumburin ya dasa wata jijiya. A 1990 Juan Parodi a Ajantina ya shigar da bututu ta jijiyar matsematsi ba tare da buɗe ciki ba, kuma ana bin hanyoyin nan biyu har yau. Aikin da aka shirya cikin natsuwa mafi yawa suna tashi lafiya. Idan kuwa ya riga ya fashe, wajen 8 cikin 10 ba sa rayuwa, da yawa ma ba sa kaiwa asibiti.

Iyayenmu maza, ku abin ya fi shafa, musamman wanda ya kai 65, ya taɓa shan taba, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar. A Ingila ana gayyatar kowane namiji hoton ciki a shekarar da ya cika 65. Hoton nan irin wanda ake yi wa masu juna biyu ne, babu allura babu yanka, minti kaɗan an gama. Ku ce wa mai hoton ya auna muku faɗin babbar jijiya. Mai shan taba ya bari, domin taba tana sa kumburin saurin girma. Mai maganin hawan jini kada ya ajiye don ya ji sauƙi.

Wanda ya ji wani abu yana bugawa kamar zuciya a saman cibiya ya je a duba. Siraran mutane sukan ji hakan ba tare da cuta ba, amma hoto ne zai raba gardama. Kada a murza wurin, kada a yi ƙaho ko tsaga. In kuwa dattijo ya kama ciwon ciki ko na baya mai tsanani farat ɗaya, da gumi da jiri ko suma, kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye. A kwantar da shi a mota, kada a ba shi ci ko sha, a nufi babban asibitin da ake yin tiyata, a kuma gaya wa likita tun daga ƙofa idan an san yana da kumburin.