Farashin Tiya da Kujerar Shugaban Ƙasa

Malamai, ƴan jaridar gidajen radiyon karkara, manoma da ƴan kasuwar Tasawa da Mayahi, na gode da wannan gayyata.

Dattawan da ke zaune a nan sun san yunwar 1984, sun kuma san sunan da aka raɗa mata: El Buhari. Fari ne ya ƙone hatsi tun yana tsaye, amma da sunan shugaban Najeriya na lokacin, Buhari, aka yi mata laƙabi, don a watan Afrilun shekarar ya rufe iyaka, ya canza takardun naira. Sunan bai rasa gaskiya ba, rufe iyakar ya ƙara wa talaka wuya. Sai dai halinmu ne: in tiya ta hau, sai mun nemo mutum guda mun ɗora masa, in ta sauka kuma mu yi masa kirari.

To, wa ke yanka kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Mayahi? Na farko damina. In ruwa ya ɗauke a watan Agusta, lokacin da hatsi ke fidda kai, babu dokar da za ta cika rumbu. Na biyu Kano. Abin da dillalan Dawanau suka tsayar yakan iso kasuwanninmu kafin labarin taron ministoci ya iso daga Yamai. In naira ta faɗi, mai sefa ya sayo masara da araha, amma wanda ya kai rago kasuwa ya dawo da abinsa, don kuɗin ɗan Najeriya ba su kai ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafin mai, kwalbar man ruwa-ruwa ta tashi a bakin titin Tasawa. Waninmu ya jefa masa ƙuri'a?

Ita kanta sefa ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, babban bankinta yana Dakar. Da aka karya darajarta da rabi a Janairun 1994, Mahamane Ousmane bai shekara a kan mulki ba, shawarar kuma ta shugabannin ƙasashen sefa ce baki ɗaya, bisa matsin Faransa da Asusun Lamuni na Duniya. Shi ya sha zagin a nan. Haka masu yabon wadatar zamanin Seyni Kountché sukan manta kuɗin uraniyom ne. Da farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980, shi ma Asusun ya nufa a 1983.

Kada a fita a ce na wanke shugabanni. Ku duba 2005. Fari da farar da suka cinye gonaki a 2004 ba Tandja Mamadou ya kawo su ba. Amma harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki aikin gwamnatinsa ne, shi ya sa da jama'a suka rufe kasuwanni aka janye mafi yawansa. Jinkirin fara rabon abinci kyauta, da musanta cewa akwai yunwa alhali cibiyoyin tamowa na jihar Maraɗi sun cika da yara, wannan ma nasa ne, ba na girgije ba.

Ƴan jarida, a nan nake da ƙorafi a kanku. Kukan miƙa wa mutum makirfo a kasuwa ya ce rayuwa ta yi tsada, sannan ku nemo ɗan adawa ya ce laifin shugaba ne, ɗan gwamnati ya ce ƙarya ne, shi ke nan an gama shiri. Wannan ba ya ƙara wa mai saurare komi. Ku je ma'ajiyar OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, ku tambayi tan nawa ke ciki kafin bazara ta yi nisa. Ku bi hatsin sayarwa da rahusa: yaushe ya baro Maraɗi, yaushe ya iso ƙaramar hukuma, buhu nawa ya kai ƙauye, wa ya rubuta sunayen masu saye.