Rabon Kuɗin Gwamnati Bisa Yawan Kawuna



A majalisar alƙali, in aka kawo rabon gado, ba a yaba yawan dukiya sai an ƙirga magada. Shanu ɗari a hannun 'ya'ya hamsin ba su kai shanu ashirin a hannun 'ya'ya biyu ba. To, haka sha'anin kuɗin Gwamnati yake, abin dubawa shi ne abin da ya faɗa kan mutum guda.

Wannan magana tsohuwa ce a Nijeriya. A taron Ibadan na 1950, wakilan Arewa suka nemi a riƙa raba kuɗi bisa yawan jama'a, don sun ga mutanensu sun fi yawa, amma makarantu da asibitoci sun fi ƙaranci a wajensu. Cikin 1953 wani Bature, Sir Louis Chick, ya ba da shawara a mayar wa kowace jiha gwargwadon abin da aka samu daga gare ta. Jihar Yamma, mai arzikin koko, ita ta fi cin moriyar wannan tsari, har ta fara ba da ilmin firamare kyauta cikin 1955. Cikin 1958 kwamitin Raisman ya kafa asusun tarayya, aka yanka wa Arewa kashi 40 cikin 100, Gabas 31, Yamma 24, Kamaru ta Kudu 5, alhali kuwa ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta nuna Arewa ta ɗara rabin jama'ar ƙasar.

Tsarin mulki na 1999 ya ce a ba jihohi aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsu. Ƙidayar 2006 ta sami Kano da mutum wajen miliyan 9.4, Bayelsa mai man fetur kuwa 1.7. Saboda haka rabon mutumin Bayelsa ya ninka na Bakano. Su ma suna da hujja, domin mai ya ɓata musu ruwa da gonaki.

Shawarata ita ce, duk sa'ad da aka karanta muku jimlar kuɗi, kada yawanta ya ruɗe ku. Ku tambayi yawan mutanen da za su ci a ciki, ku raba, sa'an nan ku san rijiya nawa da aji nawa za ta iya ginawa. Ku kuma tsare gaskiyar ƙidaya, gama wanda ba a ƙirga ba, ba ya cikin rabo.

Allah ya sa mu yi adalci, amin. Haza wasalam.