Idan Mai Ciwon Hanta Ya Fara Ruɗewa



Yau maganarmu a kan mai ciwon hanta ce wanda hankalinsa ya soma gushewa. Sai ku ga magidanci yana barci da rana, da dare ido biyu. Yana manta sunayen 'ya'yansa, yana magana ba kai ba gindi. In ya miƙa hannuwa, sai su riƙa kaɗawa kamar fiffike. Nan da nan sai a ce iska ce ko sammu, a kulle shi a ɗaka. Jama'a, wannan ba hauka ba ne, kuma yana da magani.

Aikin hanta tace jini ne. Hanji yana fitar da wata guba mai suna amoniya. In hanta ta lalace, gubar sai ta hau ƙwaƙwalwa. Manyan masu lalata hanta a wurinmu su ne ciwon hanta nau'in B da yawan shan burkutu da giya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin manya 100 a Nijeriya suna ɗauke da nau'in B.

Ku kai shi babban asibiti mafi kusa a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babban maganin shi ne laktulos, wani ruwa mai zaƙi da ke fitar da gubar ta bayan gida. Ana so ya yi bayan gida mai laushi sau 2 ko 3 kullum. Kada ku daina ba shi sai likita ya ce. In ruɗewar tana dawowa, akan ƙara masa rifaksimin.

Likita zai nemi abin da ya tayar da ciwon. Ku faɗa masa in akwai zazzaɓi, bushewar ciki, aman jini ko baƙin kashi. Kada ku ba mara lafiya ƙwayar sa barci, giya ko jiƙe-jiƙe. In ya suma, ku kwantar da shi a gefe, kada ku ɗura masa komai.

A dā akan hana su nama da wake. Yanzu an gane hakan ramar da su yake yi. Ku ba shi wake, awara da nono kaɗan-kaɗan, har da dare kafin ya kwanta.

Sauran mutanen gidan su je gwajin jini. Jariri kuma a yi masa allurar rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.